Gazala Ta Rasu a Hannun Aro

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da baki mai ɗaci wanda ruwa ya kasa wankewa, ni Zuhair, wanda mutanen garin Salt suka fi sani da Abu Nadir mai koyar da tuƙi, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da 'yan ƙungiyarmu ta tseren hawan dutse, har da waɗanda suka yi tafi a ranar, rasuwar motata Gazala. Ta rasu ranar Juma'ar ƙarshe ta watan Oktoba da hantsi, taku arba'in bayan layin gama tsere, tana da shekara talatin da biyar a duniya. Ba ta yi jinya ba. Kuma ba ni ne a kan kujerarta ba lokacin da abin ya faru. Ina so a fara sanin wannan, domin na gaji da masu riƙe hannuna suna ce mini Allah ya kiyaye gaba.

An haifi marigayiya a ƙasar Faransa. Ƙaramar Fijo ce fara, mai ƙofa biyu. Ta shigo ta tashar jiragen ruwa ta Akaba tana jaririya, ta yi shekara ashirin tana kai wata ungozoma ta garin Madaba gidajen masu naƙuda, ba ta taɓa sa an haihu kafin su iso ba. Da ungozomar ta tsufa aka jingine ta a gindin ɓaure. A nan na same ta, kaji suna ƙwai a kujerar baya. Ni da bakanikena Abu Shadi muka cire kujerun, muka ƙera mata kejin bututun ƙarfe a ciki, muka sauke injin muka sake haɗa shi ƙusa bayan ƙusa, muka manna mata lamba arba'in da bakwai a ƙofa. Matata Umm Nadir ta leƙo ta taga ta ce Allah ya shirye ni.

Marigayiya mai haƙuri ce, mai kunya, marar son abin duniya. Ba ta shan baƙin mai, ba ta zafi a kan layi, ba ta taɓa ƙin tashi a gaban mutane ba. Da safe takan yi tari sau biyu, ƙwaf, ƙwaf, sannan ta ɗauka, gur-gur-gur, har tagogin gidan maƙwabcina su amsa. Idan na sa ta a giya ta uku tana da wani ɗan fito siriri, fiiii, wanda Abu Shadi ya yi shekaru yana neman inda yake fitowa bai gano ba, daga baya na hana shi nema. Ƙofar direba ba ta rufuwa sai an ɗaga ta kaɗan, sai ta ce garam. Shekara goma sha ɗaya muna hawan duwatsun ƙasar nan tare, sau biyar kowace shekara, kuma babu ƙwarzane ɗaya a jikinta da za a ce ni na yi mata. Na manna jan salatif a kan agogon inji, daidai dubu shida, allura ba ta taɓa ƙetare shi ba a hannuna.

A shekarun nan goma sha ɗaya ba mu taɓa cin tsere ko ɗaya ba. Na faɗa da bakina kafin wani ya faɗa a wurin zaman makoki. A filin da muke sauke motoci ba Gazala suke ce mata ba, Hajiya suke ce mata. Idan ina ɗaura hular kwano sai wani ya ɗaga murya: "Malam, kar ka manta da sigina kafin ka shiga kwana!" Wani ya ce, "Abu Nadir, in ka isa sama ka gaishe mana da jikokinmu." Nakan yi dariya tare da su, domin mutumin da ya yi shekara talatin yana zaune gefen masu koyon tuƙi ya san yadda ake haɗiye magana. Amma a zauren ƙungiya akwai wani allon katako da ake sassaƙa sunan zakaran kowace shekara da lambar motarsa, kuma ban taɓa shiga zauren nan ban kalle shi ba. Sau ɗaya nake so a sassaƙa Zuhair da arba'in da bakwai a layi guda. Ban roƙi Allah biyu ba.

Bana ce shekarar ƙarshe. Ƙungiya ta sanar tun farkon bazara cewa daga baɗi an rufe ajin ƙananan tsofaffin motoci, duk wadda ta haura talatin ta koma gida. Sai kuma abin mamaki ya faru: masu gudu suka riƙa kashe kansu. Wannan ya fasa lagireto, wancan ya kwanta a rami, mu kuwa muna isa sama kowane zagaye a hankalinmu, na uku, na biyu, na huɗu, na biyu. Babban abokin karawata shi ne Gassan, likitan haƙori daga Amman, na girme shi da shekara goma sha biyar, mai ƙafar dama kamar guduma. Ya ci zagaye biyu. A na huɗu ya shiga katangar gonar inabin wani bawan Allah da motarsa, ya fito lafiya, motar ba ta fito ba. Aka wayi gari ina gabansa da maki shida, saura tsere ɗaya, kuma ba shi da abin hawa. Abin da ya rage mini kawai in isa saman dutsen nan.

Ciwon ajalin marigayiya ya fara ne ranar Talata bayan la'asar, a falona, ba a gareji ba.

Duk unguwa ta san Kusai, ƙanen Gassan, yana neman 'yata Rawan. Mata sun riga sun gama magana a tsakaninsu, Umm Nadir har ta canza labule, ranar zuwan maza kawai ake jira. To sai ga mota a ƙofar gida. Haj Falah ya fito, baffan su Gassan, dattijo mai farin gemu da alkyabba mai bakin zinariya. Bayansa Gassan, bayan Gassan Kusai da sabon aski, da wasu dattawa biyu. Na ce a raina mutanen sun yi kaɗan, amma wataƙila sharar fage ce. Na shigar da su, na ɗauko butar gahawa da kaina, na zuba wa Haj finjalin farko. Ya karɓa da dama, ya dube shi, ya ajiye a kan tebur bai kai baki ba.

Ko yaron goye a ƙasar nan ya san finjalin da aka ajiye. Baƙo ya zo da buƙata, kuma ba zai sha ba sai an biya masa ita. An kuma san cewa ɗan gidan mutunci ba ya barin dattijo ya yi ta roƙo gahawa na hucewa a gabansa. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, bai taɓa bari baƙo ya kai ƙarshen jimlarsa ba, kuma har yau ana ba da labarinsa a kan haka.

Haj ya gyara murya ya ce, "Abu Nadir, mun zo gidan da ba a mayar da mutum hannu rabbana. Muna da wata 'yar buƙata, kuma gahawar nan taka…"

Ni kuwa ƙirjina ya cika, na ɗaga hannu na tare shi. Na ce, "Sha gahawarka, Haj. Abin da kuka zo nema naku ne, ko mene ne shi."

Ya ɗauka ya shanye. Daga kicin Umm Nadir ta saki guɗa.

Haj ya goge gemu ya ce, "Allah ya ƙara maka daraja, ɗan babban gida. Yaron nan Gassan ne ba shi da motar da zai hau ranar Juma'a. Ya ce dokarku ta yarda mutum biyu su yi tsere da mota ɗaya, wannan ya hau ya sauko, wannan ya hau."

Guɗar ta tsinke a tsakiya. Na dubi Kusai, ashe shi direba kawai aka ɗauko, yana ta kallon tsinin takalminsa. Na dubi finjalin, babu ko ɗigo. Har yau ban sani ba ko Gassan ya taho da ƙanensa ne don ya san abin da zan zata. Na yi zargin haka, ina kuma kan zargin, amma gahawar da aka sha ba ta dawowa cikin buta, kuma da in janye maganata a gaban dattawa uku gara in bar garin Salt. Na yi murmushi na sake zuba wa kowa.

Da na kai wa Abu Shadi labari washegari, yana kwance ƙarƙashin wata tasi. Ya turo kansa waje ya dube ni.

Ya ce, "Ka ba wa Gassan? Gassan da na sani? Malam, ai da 'yar ka ba shi da ya fi sauƙi. Ita tana da bakin da za ta ce a'a."

Na ce masa lissafin bai canza ba. Ko Gassan ya zo na ɗaya, in dai na zo na huɗu ko sama da haka allon nan nawa ne. Ya ce to, ya koma ƙarƙashin tasin.

Ranar Juma'a garin ya yi sanyi, sama fes. Haj Falah da kansa ya zo kallo, aka ajiye masa kujera a gindin dutse. A nan na yi kuskure na biyu, kuma wannan ba zan ɗora wa kowa ba. Gassan ya zo ya same ni yana riƙe da hularsa.

Ya ce, "Kawu, motarka ce. Ka fara hawa ka ajiye lokacinka, ni in bi baya."

Haj yana jin mu. Rabin 'yan ƙungiya suna jin mu. Na ce, "Haba, ɗana. A gidanmu baƙo ne ke fara sa hannu a tire."

Na buɗe masa ƙofa, na koya masa yadda ake ɗaga ta, na ɗaure masa bel da hannuna. Na ɗora yatsa a kan jan salatif na ce kar allura ta wuce nan. Ya ce, "An gama, Kawu," yana kallon hanya.

Wanda ke gindin dutsen ba ya ganin komai bayan kwana ta biyu, sai dai ya saurara. Ni kuwa na san hawan nan da kunne fiye da yadda na san muryar 'ya'yana. Na ji ta tashi. Na ji giya ta biyu, na ji ta uku, na ji ɗan fiton nan nata. Sai fiton ya ci gaba da hawa, ya wuce inda na san yana tsayawa, ya zama wata ƙara da ban taɓa ji daga bakinta ba, iiiiiii, doguwa, mai tsini, tana dukan duwatsu tana dawowa. Akwai wata kwana kusa da injin matsar zaitun, makauniyar kwana ce, a nan nake ɗaga ƙafa daga totur in taɓa birki kaɗan, kowace shekara, ko da ina barci zan taɓa. Na ƙirga a raina, na ce yanzu muryarta za ta sauka. Ba ta sauka ba. Ta shige kwanar nan da ihunta cikakke ta fita ta ɗaya gefen, kuma wallahi ba kukan wahala na ji ba. Murna take yi.

Rediyon alƙalin lokaci ya yi ƙara. Minti biyu da daƙiƙa talatin da takwas. Fili ya ɗauki tafi, wani ya jefa hularsa sama, domin babu ƙaramar motar da ta taɓa yin haka a dutsen nan. Mafi kyawun abin da na taɓa yi da ita a shekara goma sha ɗaya shi ne biyu da arba'in da bakwai. Ina tsaye da hular kwanona a hannu ina jiran a sauko mini da ita, sai rediyon ya sake magana, ya ce a turo janwe da masu kashe wuta, lamba arba'in da bakwai ta zubar da mai.

Waɗanda suke sama sun ce kalmarta ta ƙarshe ɗaya ce, ƙwas, sannan shiru. Fistin ya fasa gefen inji ya fito, ramin ya kai dunƙulen hannu. Mai ya zuba a kan salansa mai zafi, wuta ta cinye gabanta kafin a kashe. Na same ta a gefen hanya an lulluɓe ta da farar hodar kashe wuta, bonet a buɗe. Gassan yana tsaye kusa da ita, idonsa ya yi ja, kuma da zai yi mini adalci da ya yi shiru.

Ya kama hannuna biyu ya ce, "Kawu, ka yafe mini, wallahi ban so haka ba. Amma me ka yi ta ɓoye wa mutane duk shekarun nan? Motar nan tafiya take so. Ko taɓa birki ban yi ba a wajen matsar zaitun, ita ta ɗauke ni."

Na ce masa ƙaddara ce, Allah ya tsare shi, shi ne babba. Haka ake faɗa, haka na faɗa.

Da yamma a gareji na tambayi Abu Shadi. Na ce ya gaya mini gaskiya tsakaninsa da Allah, gudun nan da ma yana cikinta, ko ranar ce kawai? Ya daɗe yana goge sifanar da ba ta da datti.

Ya ce, "Malam, ni na haɗa injin nan. Tun shekarar farko yana ciki. Na gaya maka sau biyu, ka ce tausayinta kake ji."

Wannan shi ne abin da likitoci suka samu, kuma ya fi mutuwar zafi. Na yi shekara goma sha ɗaya ina gaya wa mutane tsohuwa ce, a yi mata uzuri. Na bar su suna ce mata Hajiya. Ashe ba ita ce mai nauyin jiki ba. Ina jin haushin Gassan, ina jin haushin Haj Falah da alkyabbarsa, ina jin haushin mahaifina da ya koya mini tare dattijo a tsakiyar magana. Amma idan na gama zagaya su duka sai in dawo kan ƙafata ta dama, wadda ta yi shekara talatin tana neman birki tun kafin ɗalibi ya ga haɗari, har ta manta akwai wani aikin. Abu Shadi ya ce ana iya neman wani injin a sake mata wayoyi. Gassan ma ya aiko da tiren kunafa, kayan zaƙin nan mai cuku, da saƙon cewa zai kawo inji daga garin Zarka. Na mayar da saƙon na riƙe kunafar, domin ba a karɓar diyyar abin da aka bayar a kan gahawa. Kuma in an tashe ta, ta je ina? An rufe ajinta.

Marigayiya ta rasu ta bar mai ita, shekara hamsin da takwas, lafiyarsa ƙalau. Ta bar Abu Shadi, wanda bai yi mini magana mai tsawo ba tun ranar. Ta bar tayoyi huɗu da ba su gama cinyewa ba, da hular kwano guda, da tabon mai a ƙofar gida. Ta bar Umm Nadir, wadda ke cewa Allah ya mayar da alheri da fuskar da ba ta nuna tana son a mayar ɗin ba. Ta bar 'yar uwarta ta makarantar tuƙi, mai birki biyu, wadda nake shiga kowace safiya ta ƙofar fasinja. Ta bar kofin azurfa a kan tebur a asibitin haƙorin Gassan a Amman, ana cewa marasa lafiya suna kallonsa bakinsu a buɗe. Ta bar lambarta a kan allon katako, an sassaƙa ta da kyau, ba laifi, da sunan Gassan a gefenta.

Ta kuma bar surukai. Mako uku bayan rasuwar, Haj Falah ya dawo da maza arba'in, ya karɓi finjali ya ajiye. Na naɗe hannu na ce, "Mu ji tukuna, Haj." Har yau ana maganar rashin kunyata a kasuwar Salt. Na ba Kusai Rawan, domin tana sonsa kuma yaron ba shi da laifi. Abin da hakan ke nufi shi ne, daga yanzu har in mutu, kowace salla Gassan zai tsaya gefena a kan tiren mansaf, shinkafa da naman rago, kuma ni ne zan riƙa tura masa nama gabansa.

Za a ɗauki gawar ranar Asabar bayan azahar daga garejin Abu Shadi zuwa wurin 'yan gwangwan da ke bayan garin Sahab. Ba za a yi mata salla ba, ƙarfe ce, ban haukace ba tukuna. Ba a buƙatar jerin gwanon motoci, ba a buƙatar hon. Zaman karɓar gaisuwa kwana uku ne a gidana, daga la'asar zuwa magariba, za a ba da ruwa da dabino. Ana roƙon masu zuwa kada wanda ya ce mini ta yi kyakkyawan ƙarshe, kada wanda ya nuna mini hoton bidiyon a wayarsa, kada kuma wanda ya tambaye ni ko zan sayar da tayoyin.

Abu ɗaya za a rufe tare da ita. Jiya sakataren ƙungiya ya aiko mini da takardar sakamakon tseren, da hatimi da sa hannu, zan ninke ta in sa mata a aljihun gaba kafin a ɗaga ta. Lambarta ta fito sau biyu a takardar. A layin farko, arba'in da bakwai, Gassan, biyu da talatin da takwas. A layin ƙarshe, ƙasan wani yaro da tayarsa ta fashe a kwana ta uku, arba'in da bakwai, Zuhair, kuma a gurbin da ake rubuta lokaci sakataren ya sa kalma uku da jan biro: bai tashi ba. Na karanta ta sau da yawa ina neman kuskuren da zan kai ƙara a kansa, ban samu ba.